Ɗana ya nace sai ƙwallon Amurka, babansa ya ce sai likitanci

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana don Allah. A Bronx muke, birnin New York. Ɗana shekararsa 15, yana aji 10, Allah ya ba shi jiki, kocin makarantarsu ya ja shi ƙwallon nan tasu ta hular kwano da ture-ture. Kocin ya ce in ya dage zai yi jami'a kyauta. Babansa ya ce bai san zancen ba, likita yake so. Gidan ya ɗau zafi, na rasa bayan wa zan bi.

Wani baba daga Columbus: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku ba yaron labarin Ezekiel Ansah, ɗan Accra. Karatu ne ya kai shi jami'ar Brigham Young a 2008, ba wasa ba. Sau biyu ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon kwando aka ƙi shi, ya koma tsere, sai 2010 ya fara wannan ƙwallo, ko sa kayan bai iya ba. A 2013 ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan ƙwallo. Da bai riƙe littafi ba, wa zai gan shi?

Wata malamar makaranta: Yaya, ki bar maganar NFL tukuna. Cikin 'yan wasan jami'a ɗari, biyu ma ba sa kai wa can. Abin nema shi ne tallafin karatu, shi kuma da sharaɗi yake. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka na neman darussa 16 da ta amince da su, da matsakaicin maki (GPA) aƙalla 2.3, kafin yaro ya buga wa manyan jami'o'in rukuni na ɗaya a shekararsa ta farko. Tun aji 9 ake lissafi, kin ga nasa ya riga ya fara. Ki je wajen mai ba ɗalibai shawara a makarantar, ki ga takardunsa da idonki. Jami'o'in rukuni na uku kuwa ba sa ba da tallafin wasa ko sisi. Kuma daɗin bakin koci ba tayi ba ne, sai an gani a rubuce.

Wata nas: Ni dai ina bayan Alhaji, baban yaron. Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya, shi ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya gano cutar CTE da ake dangantawa da yawan buguwar kai. Hular tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. In har zai buga, ranar da ya dawo da jiri ko ciwon kai, asibiti za a nufa.

Wani matashi: Mama, a gaya wa Baba ana haɗa ƙwallo da karatu. Amobi Okoye ya zo Alabama daga Najeriya yana ɗan 12, ya shiga jami'ar Louisville yana 16, ya gama digiri kafin ƙungiyar Houston ta NFL ta ɗauke shi a 2007 yana 19. Amma gaskiya atisaye na cin lokaci, darussan shiga likitanci kuma ba sa ɗaga ƙafa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, darasin lissafi ne ya yi rauni a ciki bara. Zai iya maimaitawa?

Malamar: Zai iya, da ajin bazara, amma ki tabbatar darasin yana cikin jerin da NCAA ta amince wa makarantar. Kada maimaicin ya wuce aji 11, don 10 daga cikin 16 ɗin dole a gama su kafin a shiga aji 12.