Matakalar gwajin 'yan kwana-kwana ta gagare ni, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka, na nemi aikin kashe gobara, saura mako shida in shiga gwajin ƙarfi na CPAT. Tashoshi 8 ne, dole a gama cikin minti 10 da daƙiƙa 20, ga rigar nauyi mai kusan kilo 23 a jiki.

Jan tiyo da jan mutum-mutumin nan mai kilo 75 ba su dame ni ba. Tashar farko, wato injin hawan matakala, ita ce matsalata. Ana ƙara wa mutum kilo 11 a kafaɗa, ya yi minti 3 yana hawa taki 60 a minti, kuma ba a yarda ya riƙe ƙarfen gefe ba. Ni kuwa da na kai minti biyu sai cinyoyina su ɗau zafi, gumi ya cika mini ido, hannu ya kai kan ƙarfen da kansa. Na sauko ƙafafu na rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Kullum da asuba ina gudun kilomita biyar, amma shiru. Shin in bar gudun in koma hawan benen gidanmu da jakar yashi a baya? Sau nawa a mako, don kada gwiwa ta lalace? Wanda ya taɓa ci, don Allah ya taimaka.