Bututun murhunmu ya kama wuta: a gyara ko a sauya?

Mai gidan abinci, Gusau: Assalamu alaikum. Jiya bututun hayaƙin murhun itacenmu ya kama da wuta daga ciki, yana ruri, tartsatsi na fita ta sama. Allah ya kiyaye, ta mutu da kanta. Na ƙarfe ne, ya ratsa kwano. Me za mu duba kafin mu sake hura wuta?

Mai walda, Talata Mafara: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya tsare gaba. Kada a hura tukuna. Kunkunniyar da ta daskare a ciki kamar kwalta ce ta kama. Ɗanyen itace ke kawo ta, da wutar da ake bari tana cin hayaƙi, don hayaƙi mai laima in ya taɓa ƙarfe mai sanyi nan yake maƙalewa.

A kwance bututun gaɓa-gaɓa, a kankare da burushin waya, a haska tocila a ciki. Gaɓar da ta lanƙwashe, ko ta huje, ko ɗinkinta ya buɗe, a yar da ita, faci ba ya riƙe ta. A sa baƙin ƙarfe mai kauri, ban da farin kwano, zafi na cinye rufinsa kuma hayaƙinsa na cutarwa. Wajen haɗawa, bakin gaɓar sama ya shiga cikin ta ƙasa, don kwaltar ta gangara ciki. Sukuru uku kowace mahaɗa.

Kafinta, Birnin Kebbi: Hajiya, abin da ya fi damuna katakon rufi ne. A ɗaga kwanon da ke kewaye da bututun, a soka wuƙa a katakon. In ya yi baƙi ko yana marmashewa, a cire shi, don wanda ya taɓa gasuwa ya fi saurin kamawa. A bar tazarar inci 18 tsakanin bututu da katako ko silin. Bakinsa ya ɗara kwano da ƙafa 3, musamman yanzu da iskar hunturu ke kwasar tartsatsi zuwa dannin maƙwabta.

Magini, Kaura Namoda: Inda bututu ya shiga murhu a liƙe da yumɓu da yashi, siminti tsagewa yake. In ya bushe, a ƙona ɗanyar ciyawa kaɗan, a toshe saman na ɗan lokaci da ƙofofi a buɗe, a ga inda hayaƙi ke tsiyaya. In wuta ta sake kama bututun, kowa ya fita, a kira 'yan kwana-kwana.