Kogin Binuwai: shawarwarin da suka fito daga zamanmu

Mun zauna a Yola da manoma, masunta da wani injiniyan ruwa kan madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 a kan Kogin Binuwai. Kowa yana tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, yadda ruwa ya cinye gonaki daga Adamawa har Kogi.

Abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne sanarwa kafin a saki ruwan madatsar. Manoma suka ce gargaɗin kwana biyu ba ya fitar da shinkafa daga fadama. Suna so Kamaru ta riƙa aiko da adadin ruwan da ke cikin madatsar tun farkon damina, a saki ruwan kaɗan-kaɗan, sannan labarin ya iso ta rediyo da bakin masu unguwanni, cikin Hausa da Fulfulde. Ina tare da su ɗari bisa ɗari, don takardar da ta tsaya a ofishin Abuja ba ta ceci kowa ba.

Injiniyan ya ja hankalinmu cewa ba Lagdo kaɗai ke kawo ambaliya ba. Ruwan sama da ƙoramun cikin Najeriya suna da nasu kason. Ya ba da shawarar a gina madatsar Dasin Hausa a jihar Adamawa, wadda aka daɗe ana magana a kanta, a kuma yashe kogin.

Masunta suka nemi a ba su kujera a tarukan Hukumar Kogin Neja (kogin da Binuwai ke zuba a cikinsa), mai ƙasashe 9 da hedikwata a Yamai, tunda su ne ke fara ganin ruwa ya canza launi.