Tambaya kan masu tuƙi cikin maye: gajeriyar tafiya tana rage hatsari?

Uwar_Biyu:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiyar al'umma ku taimaka min, muna gardama da wani da ya dage wai wanda ya sha giya in dai gida kusa ne, kilomita biyu ko uku, babu matsala ya ja mota, wai doguwar tafiya ce ke kashe mutane. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai binciken da ya duba nisan tafiya kuwa?

Abu_Hanif:
Wslm hajiya. Gsky nisa yana da tasiri, duk kilomitan da aka ƙara dama ce ta haɗuwa da tsautsayi, shi ya sa a Amurka ake lissafa mace-macen hanya a kan kowane mil miliyan 100 da motoci suka yi. Amma inda mutumin naki ya ɓata lissafi shi ne giya tana ninka hatsarin kowane kilomita ne tun daga na farko. Tun 1964 Robert Borkenstein ya yi bincike a birnin Grand Rapids na Amurka, ya gwada numfashin direbobin da suka yi hatsari ya kwatanta da na waɗanda suka bi hanyoyin lafiya lau, ya ga hatsarin yana hawa da yawan giyar da ke jini, daga 0.08 (wato giya kashi 0.08 cikin ɗari a jini) kuma sai ya yi tashin gwauron zabi. Masu bincike Levitt da Porter ma a 2001 sun ƙiyasta cewa direban da ya wuce ƙa'idar doka ya ninka wanda bai sha ba sau 13 wajen jawo hatsarin da ake rasa rai.

Ƙanwar_Likita:
Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a maganar "ai kusa ne" shi ne a ina ake yin gajeriyar tafiyar? Cikin unguwa fa, ga mararraba ga masu tafiya a ƙasa ga yaro zai fito da gudu daga bayan motar da aka faka. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, to in maye ya jinkirta ƙafarsa zuwa birki da daƙiƙa guda kawai shi ke nan wlh.

Abu_Hanif:
Haka ne 'yar uwa. Akwai ma binciken Adams da Cotti na 2008, sun ga bayan an hana shan taba a mashayun wasu yankunan Amurka hatsarin maye mai kisa ya ƙaru, bayanin da suka bayar shi ne mashaya suna tuƙi mai nisa zuwa inda babu dokar. Kin ga nisa yana ƙara ta'azzara abin, amma tushen dai giyar ce. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ba da shawarar kada giyar jinin direba ta wuce 0.05, sabbin direbobi 0.02, Suwidin kuma 0.02 ta sa wa kowa tun 1990.

Uwar_Biyu:
Na gode sosai malam, Allah ya ƙara basira. To batun kofi fa? Ya ce in ya sha yana wartsakewa.

Ƙanwar_Likita:
Yaya, kofi barci kawai yake korewa, ba ya cire giya daga jini. Hanta ce ke wannan aikin kuma a hankali take yi, kusan 0.015 a awa, wato mai 0.08 sai ya haura awa biyar kafin jininsa ya washe. Ki ce masa ya ba wani makullin ko ya kwana a inda yake.