Ƙanen da ya ƙi zuwa aike, insubordination ya yi?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Na rubuta a jarrabawa cewa ƙanena ya yi insubordination saboda ya ƙi zuwa aike, malami ya ja mini jan biro. Ni dai a wurina ita da disobedience duk rashin biyayya ne, tsawo kawai ɗaya ta fi ɗaya.

Malamin Turanci: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ba a zalunce ka ba. Kalmar insubordination daga Latin ta fito: sub ƙarƙashi ke nan, ordo kuma jeri ko matsayi. Ba a amfani da ita sai inda ake da tsanin muƙami, wane a sama wane a ƙasa, kamar soja ko ofis. Disobedience kuwa ta kowa ce, har akuyar da ta ƙi kora.

Hajiya ma'aikaciya: Malam, da gyara. Gida fa akwai na gaba da na baya. Yaya ba ya gaba da ƙane?

Malamin Turanci: Yana gaba, Hajiya, amma ba ya ba shi takardar tuhuma, ba ya riƙe masa albashi. Bature in ya faɗi haka a kan yaro, zolaya yake yi.

Tsohon soja: A barikinmu, in mutum ɗaya ya bijire wa ofisa, ita ce insubordination. Da zarar an haɗa baki, sunan ya koma mutiny, bore ke nan. Ku tuna sojoji 12 da kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a 2014 kan abin da ya faru a barikin Maimalari a Maiduguri. Ba kalmomin wasa ba ne, yara.

Hajiya ma'aikaciya: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wani ogana ya taɓa rubuta mini takardar tuhumar insubordination don na ƙi ɗauko masa yara daga makaranta. Shi ma Turanci ne?

Malamin Turanci: Wannan son zuciya ne. Sai umarnin ya kasance halastacce, cikin hurumin aiki. Kin tuna ranar 9 ga Maris 2020? Da wannan kalmar gwamnatin Ganduje ta kafa hujjar tsige Sarki Muhammadu Sanusi II, ta ce ya ƙi bin umarni, yana ƙaurace wa taruka. Duk wanda ya karɓi kalmar ya riga ya yarda sarki yana ƙarƙashin gwamna. Nan gardamar take.

Tsohon soja: Malam, kada ka ja mu siyasar Kano, mu kwana a nan.

Ɗalibi: To na ji, Baba. Amma ƙamus ɗina ya ce ƙin bin mai iko ne kawai, bai ambaci albashi ba. Gobe zan koma wa malamin da shi, maki biyu ne fa.

Hajiya ma'aikaciya: Je ka a hankali, kada shi ma ya rubuta maka ita.