Ƙanƙarar da ta ƙi nitsewa

Mai Zoɓo:
Sallama, malamai masana ruwa,
Jiya na tafka asara tun kafin kasuwa.
Kwalba na cika fal, na sa ta daskarewa,
Da asuba na tarar ta gama fashewa.
Ga ƙanƙara a zoɓo ba ta nitsewa,
Me ya kumbura ta? Ku zo da amsawa.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri.
Ƙwayar ruwa zarra uku ce a haɗuwa,
Oksijin ɗaya, haidirojin biyu 'yan'uwa.
Ba su miƙe ba, sun yi lanƙwasawa,
Digiri 104.5 kusurwar buɗewa.
Oksijin sarkin rowa da handamewa,
Ya ja ilektaron, 'yan ƙwayoyin lantarki, gefensa, ba daidai yake rabawa.
Cajin gefen biyu ya zam mai saɓawa,
Haidirojin wannan, oksijin waccan yake jawowa.
Ƙwaya guda, maƙwabta huɗu take riƙewa.

'Yar Aji Shida:
Malam, ka yi nisa, kwalba fa ake tambayowa!
In sanyi ya kai sifili, sai kowa ya yi tsayuwa,
Zobe mai kusurwa shida suke jerawa,
Tsakiyarsa fili, ba mai zaunawa.
Girma ya ƙaru kusan kashi 9 cikin 100, kwalba ba ta jurewa,
Nauyi yana nan, shi ya sa ƙanƙara take tasowa.
A digiri 4 ruwa ya fi matsewa,
Tafkin ƙasar sanyi daga sama yake daskarewa,
Kifi a ƙasa yana ta rayuwa.

Kaka Mai Randa:
Ku da firijinku, wuta na ɗaukewa,
Randata ko a bazara tana sanyayawa.
Jikata, wannan ma kin iya warwarewa?

'Yar Aji Shida:
Kaka, randarki gumi take tsattsafowa,
Ƙwayar da za ta bi iska, sai ta yi rabuwa.
Riƙon nan kuwa da zafi ake tsinkewa,
Daga cikin randa take ɗebowa.

Malamin Kimiyya:
Yarinya ta ƙwace allo! Bari in yi ƙarawa:
Sa salfa, wato farar wuta, gurbin oksijin, ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai na tasowa,
Riƙonsa sako-sako, a 60 ƙasa da sifili yake tafasowa,
Ruwa kuwa sai 100 yake sallamawa.

Mai Zoɓo:
Na ji, gobe wuyan kwalba ba na cikawa.
To oksijin ɗin nan, a ina zan same shi, ya biya ni kuɗin fashewa?