Kayan aikin tsohuwar Honda: abin da makanikan Sakkwato suka ce

A zaman da aka yi da tsofaffin makanikai, bakinsu ya zo ɗaya cewa sufanun da suka zo da tsohon babur ɗin Honda galibi akwai hatimin HM ko KOWA a jikinsu. Na jabu sai ƙyalli, bakin kuma da wuri yake buɗewa ya cinye kan noti.

Sun fi daɗewa kan sukundireba. Kusoshin babur ɗin Japan ma'aunin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, wasu da ɗan ɗigo a kai, kuma sukundireba samfurin Phillips zamewa take yi ta lalata su. Wannan gargaɗin, a ganina, ya fi batun hatimi muhimmanci.

Saitin kuloci kuwa, a babur ɗin Honda CG125, a bar wa hannun kulocin wasa na milimita 10 zuwa 20.